Dokar Ta-Ɓaci: Daga Ina Ta Fito, Ina Kuma Iyakarta?

A cikin saƙonnin da kuka turo mana wannan watan, tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa ta baki daban-daban. Wani babur ɗinsa aka ƙwace, wani kasuwar da yake ci aka rufe, wani kuma ƙaninsa aka ɗauka a shingen bincike, har yau ba labari. Abin da dukkansu ke son ji shi ne: idan gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yanki, shi ke nan duk abin da soja ko jandarma ya yi ya halatta?

Amsar a gajarce ita ce a'a. Amma a'a ɗin nan tana da tarihi, kuma sai an bi tarihin za a gane inda take da ƙarfi da inda take da rauni.

Wanda ya fara raɗa wa dokar nan suna da Hausa ya iya. Ta ɓaci. Abin da ake faɗi ke nan idan gobara ta tashi a unguwa. Ba mai tsayawa sallama a ƙofar gida, ana iya ture dangar maƙwabci don a kai ga rijiya, kuma ba wanda zai kai ƙara. Kowa ya yarda da wannan. Gardamar da aka shafe shekara fiye da saba'in ana yi a kotuna da majalisu a kan abin da ya biyo baya take: wa ke da ikon cewa gobara ta tashi, danga nawa za a ture, wa kuma zai ce wuta ta mutu, a koma yin sallama.

A siffar da muka san ta yau, gadon Turawan mulkin mallaka ce. A watan Oktoba na 1952 gwamnan Ingila a Kenya, Evelyn Baring, ya kafa ta don murƙushe tawayen Mau Mau. Aka kama Jomo Kenyatta da abokansa tun a tashin farko. Dokar da aka ce ta ɗan lokaci ce, ba a ɗage ta ba sai Janairun 1960, sama da shekara bakwai. A tsakanin nan an tsare dubun dubatar mutane a sansanoni ba shari'a, an kwashe 'yan ƙabilar Kikuyu fiye da miliyan ɗaya daga gonakinsu an tara su a ƙauyukan da aka kewaye da waya. Ga wani abu da makiyayi zai gane nan take: idan aka kai hari kusa da wani ƙauye, mutanen ƙauyen kuma suka ce ba su ga kowa ba, sai hukuma ta kore musu shanu da awaki a matsayin tara. Laifin mutum ɗaya, gari ya biya. A 1959, a sansanin Hola, masu gadi suka doki tsararru goma sha ɗaya har suka mutu, da farko ma hukuma ta ce gurɓataccen ruwa suka sha. Sai a 2013 gwamnatin Ingila ta yarda ta biya tsofaffi 5,228 da aka azabtar diyyar fam miliyan 19.9. Da yawa sun mutu kafin ranar ta zo.

Ɓangaren Faransa kuwa, yaƙin Aljeriya ne ya haifi tasu. Hukumomin Faris ba su so a kira abin da ke faruwa yaƙi, don a ganinsu Aljeriya yankin Faransa ce, ba kuma za su ce ƙasarsu na yaƙi da kanta ba. Sai suka ƙirƙiro wani hali na tsaka-tsaki, ba zaman lafiya ba, ba kuma mulkin soja kai tsaye ba, suka sa shi a dokar 3 ga Afrilun 1955. Ta ba gwamna ikon hana fita, da hana shiga wasu wurare, da rufe wuraren taro, da tilasta wa mutum zama a gari guda, da binciken gida dare ko rana. Daga baya aka sa mata sharaɗi: idan za a wuce kwana goma sha biyu, sai majalisa ta amince. Duk wanda ya zauna a Diffa ko Tillaberi a shekarun nan ya san waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, don dokokin ƙasashen da Faransa ta mulka daga wannan tushe suka tsiro.

Da Turawa suka tafi, ba su tafi da sandar ba. A Najeriya, ko shekara biyu ba a yi da samun 'yanci ba aka ɗauko ta. Rikici ya ɓarke a jam'iyyar Action Group tsakanin Obafemi Awolowo da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, har 'yan majalisa suka yi jifa da kujeru a zauren Ibadan. Ranar 29 ga Mayun 1962 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta samu amincewar majalisar tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, aka jingine gwamnatin jihar, aka naɗa ministan lafiya, Dakta Moses Majekodunmi, ya zama kantoma. Kantoman ya shiga rubuta wa 'yan siyasa takarda, kowa da garin da ba zai fita ba. Cikinsu har da babban lauya Rotimi Williams, wanda aka killace a Abekuta. Shi kuwa ya garzaya kotun ƙoli. Kotun ba ta ce majalisa ba ta da ikon kafa dokar ba. Abin da ta duba shi ne ko akwai hujjar da ta nuna wannan mutumin, shi kansa, barazana ne ga zaman lafiya. Ba a kawo ba, sai ta soke takardar. Ku riƙe wannan hukunci, don za mu dawo kansa. Ma'anarsa ita ce dokar na iya zama halal a dunƙule, amma matakin da aka ɗauka a kan wane ya zama haram. A ƙarshen shekarar aka ɗage dokar, Akintola ya koma kujerarsa, Awolowo kuma ya ƙare a kurkuku a 1963. Har yau masana tarihi da yawa na ganin siyasa ce ta fi tsaro yawa a wannan lamari.

Zamanin soja bai ma buƙaci shela ba, don mulkin kansa ta-ɓaci ne da ba ranar ƙarewa. Doka ta 2 ta 1984, lokacin Janar Muhammadu Buhari, ta ba da ikon tsare mutum wata uku ba shari'a, a kuma yi ta ƙarawa, ta hana kotu tambayar dalili. Gwamnatocin sojan da suka biyo baya duk sun yi aiki da ita har zuwa 1999. A Afrilun wannan shekara ta 1984 ne kuma aka canza launin naira aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Abin ya faɗo daidai lokacin babban fari. Hatsi ya kasa tsallakowa arewa, dabba ta kasa gangarawa kudu, farashin saniya ya faɗi warwas. Iyayenmu a ƙasar Maraɗi da Damagaram har suna suka sa wa wannan yunwa, El Buhari. Ba kotun da wani bafatake zai iya kai kuka a lokacin, a kowane ɓangare na iyakar, don Nijar ma soja ke mulki.

Kada a ce soja kaɗai ke wasa da wannan sanda. A Yunin 2009, lokacin tazarce, kotun tsarin mulkin Nijar ta hana Shugaba Tandja Mamadu ƙuri'ar raba gardamar da yake so. Sai ya ce 'yancin ƙasa na cikin haɗari, ya ɗauko ikon musamman da kundin ya tanada don ranar tsanani, ya rushe kotun. Ba abokin gaba ko ɗaya a bakin iyaka. Haɗarin da ake magana a kai wa'adin mulki ne da ke shirin ƙarewa. A Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi.

To, irin waɗannan abubuwa ne suka sa duniya ta nemi yi wa dokar shinge. A 1966 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙoƙin ɗan Adam na zaman jama'a da siyasa, ta fara aiki a 1976. Kamaru ta shiga a 1984, Nijar a 1986, Najeriya a 1993, Cadi a 1995. Sashe na 4 na yarjejeniyar bai hana dokar ta-ɓaci ba. Cewa ya yi sai bala'in ya kai na barazana ga rayuwar ƙasa, sai an yi shela a fili, sai an sanar da sauran ƙasashe ta hannun babban sakataren Majalisar, kuma kowane mataki kada ya wuce abin da halin ya tilasta. Ya kuma hana a ware mutane don launin fata, ko harshe, ko addini, ko asali kawai. Wato a ce duk Bafillace ko duk Babarbare ko duk Buzu abin zargi ne, wannan ba dokar ta-ɓacin da ta halatta shi.

Sannan sashen ya ware wasu haƙƙoƙi ya ce waɗannan ko sama za ta faɗo ba a taɓa su. Ba a kashe mutum haka siddan. Ba a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi, ko da kuwa an tabbata yana da labarin da ake nema. Ba a bautar da shi. Ba a ɗaure shi don ya kasa biyan bashi. Ba a hukunta shi kan abin da ba laifi ba ne ranar da ya aikata shi. Ba a shafe sunansa a gaban doka kamar ba mutum ba, ba kuma a shiga tsakaninsa da abin da ya yi imani da shi. Daga baya, a 2001, kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya ƙara bayani cewa ɓatar da mutum, wato a kama shi a musa cewa yana hannu, da hukunta jama'a kan laifin wani, su ma ba su da hurumi a kowane hali, kuma ba a toshe wa tsararre hanyar da alƙali zai duba ko tsarewar tasa bisa doka take.

Tamu ta Afirka ta ma fi wannan tsauri, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam da na al'ummai, wadda shugabannin nahiyar suka amince da ita a Nairobi a 1981, ta fara aiki ranar 21 ga Oktoban 1986, ba ta da wani sashe da ya ba gwamnati damar jingine haƙƙi don ta ɓaci. Aka yi ta tunanin ko mantuwa ce. Shari'ar da ta warware wannan daga maƙwabciyarmu Cadi ta fito. Wata ƙungiyar kare haƙƙi ta kai gwamnatin Cadi ƙara gaban hukumar da ke Banjul kan kashe-kashe da ɓatar da mutane da azabtarwa. Gwamnati ta kare kanta da cewa ƙasar na cikin yaƙin basasa. A 1995 hukumar ta yanke cewa ko yaƙin basasa ba hujja ba ce ta keta yarjejeniyar, kuma gwamnati na da alhaki ko da ba jami'anta suka yi kisan ba, muddin ta kasa kare mutane ta kuma kasa bincike. A cikin wannan yarjejeniya, sashe na 7, akwai maganar da ya kamata kowane arɗo ya haddace: hukunci na mai laifi ne shi kaɗai.

Kundin Najeriya na 1999 ya ɗauki wani abu daga wannan darasi. Sashe na 305 ya ce idan shugaba ya yi shela, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince, cikin kwana biyu idan suna zama, kwana goma idan suna hutu, in ba haka ba dokar ta faɗi. Wa'adinta wata shida, ƙari kuma sai an sake komawa majalisa. A Nijar, dokar 1998 ce ta tsara lamarin: gwamnati na iya kafa ta na kwana goma sha biyar, abin da ya wuce haka sai da yardar 'yan majalisa.

Wannan a takarda ke nan. Yanzu mu zo bakin tafki, inda takarda ta haɗu da rairayi.

A ƙarshen Disamban 2011, bayan bam ɗin Kirsimeti a Madalla, Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar a ƙananan hukumomi goma sha biyar, ya rufe iyakokin da ke kusa da su. Ranar 14 ga Mayun 2013 ya faɗaɗa ta ga jihohin Borno, Yobe da Adamawa baki ɗaya. Bai dakatar da gwamnoni ba, saɓanin yadda Obasanjo ya yi wa Joshua Dariye na Filato a 2004 bayan kashe-kashen Yelwan Shendam. Amma aka yanke layukan waya wata da watanni. Dalilin shi ne kada 'yan bindiga su yi magana da juna. Sai dai ƙauyen da ya ga maharan na tafe shi ma ba shi da hanyar kiran agaji. A ƙarƙashin wannan doka aka sace 'yan matan Cibok a Afrilun 2014. An tsawaita ta sau biyu. Da aka zo neman na uku a Nuwamban 2014, majalisar wakilai ba ta amince ba, dokar ta mutu. A nan dai agogon da kundin ya ɗaura ya yi aiki. Abin da bai yi aiki ba shi ne kariyar waɗanda aka kama. A Yunin 2015 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoto cewa sama da mutum 7,000 sun mutu a hannun sojoji a wuraren tsarewa tun 2011, barikin Giwa na Maiduguri na kan gaba, saboda yunwa da ƙishirwa da cunkoso da azaba. Rundunar sojan ta yi watsi da rahoton.

Diffa ce wurin da nake so mu daɗe, don a nan ne aka ga yadda doka ke iya barin ran mutum ta cinye abin da yake rayuwa da shi. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Ranar 10 ga watan gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta kwana goma sha biyar, majalisa ta ƙara wata uku, daga nan aka yi ta sabunta ta wata uku-uku shekara da shekaru. Aka hana hawa babur. Aka hana cinikin tattasai da na kifi. Aka taƙaita sayar da takin zamani da man fetur. Daga baya aka rufe wasu kasuwanni.

A yi adalci, ba haka kawai aka ɗauki matakan ba. Da babura maharan ke zuwa. Suna karɓar haraji a kan buhun tattasai da kwalin banda. Ana haɗa abin fashewa da wani nau'in taki. Kwamandan da aka kashe wa yara jiya, ba za ka ce masa bai da dalili ba. Amma ku dubi me tattasai yake a ƙasar Manga. Shi ne abin da ake kira jan zinare, gonakinsa sun bi gaɓar kogin Komadugu, daga manomi zuwa mai tsinka, mai ɗinkin buhu, ɗan dako, dillali, direba, har 'yan kasuwar da ke jiransa a Najeriya, duk a jikinsa suke ci. Haka banda, kifin tafki da ake ƙyafewa a loda zuwa Maiduguri har kudu. Babur kuma shi ne motar asibitin ƙauye, shi ne sana'ar dubban samarin kabu-kabu. Rana ɗaya aka ce duk a tsaya. Saurayin da aka raba da babur, aka hana shi gona, aka hana shi ruwa, ga kuma masu bindiga a tsallaken kogi suna yi masa tayin kuɗi da babur sabo, ina aka tura shi?

Sai kuma maganar tsibirai. Ranar 25 ga Afrilun 2015 aka kai hari tsibirin Karamga, hukuma ta ce sojoji 46 da fararen hula 28 suka mutu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ba mazauna tsibiran tafkin Cadi na ɓangaren Nijar wa'adin 'yan kwanaki su fice. Mutum wajen 25,000 suka taso, masunta da makiyaya, Buduma da Barebari da Hausawa da Fulani, a tsakiyar bazara, mafi yawa a ƙafa, suka nufi N'Gigmi da Bosso. Wasu sun mutu a hanya da ƙishirwa. Dubban 'yan Najeriya da ke cikinsu aka tsallaka da su Gaidam. Shanun Kuri, masu manyan ƙahonin nan da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, ba dabbar tudu ba ce. Wanda ya bar su ya rasa, wanda ya koro su ya ga suna ramewa a kan rairayi.

Shin doka ta hana kwashe mutane daga fagen yaƙi? Ba ta hana ba. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 kan yaƙin cikin gida, wanda ƙasashen tafkin huɗu duk suka shiga, ya yarda da hakan idan tsaron mutanen ko larurar yaƙi ta tilasta. Amma ya ɗora wa mai ba da umarnin nauyi: ya yi duk abin da zai iya don mutanen su samu matsuguni, abinci, tsafta da magani a inda za su sauka. Ya kuma hana lalata abin da farar hula ke rayuwa da shi, ya ambaci dabbobi da gonaki da ruwan sha da sunansu. Tambayar ke nan da ɗan fafutuka Musa Cangari da ƙungiyarsa suka yi a rahotonsu kan wannan ƙaura. A watan Mayun aka kama shi, ya yi kusan kwana goma a tsare kafin a sake shi. Shi ma firaministan lokacin da ya ziyarci N'Gigmi bai ɓoye rashin jin daɗinsa da halin da ya tarar da mutanen ba. A Disamban 2018 Nijar ta kafa dokar kare 'yan gudun hijirar cikin gida, ta zama ta farko a Afirka da ta mayar da yarjejeniyar Kampala ta 2009 dokar ƙasa. Abu ne mai kyau, ko da yake ga mutanen tsibirai ya zo bayan an riga an sha wuya. Takunkumin tattasai sai a 2017 aka ɗage shi, na kifi kuwa sai 2019.

A nan raunin dokar yake, a ganina. Ranka da jikinka an sa su a jerin da ba a taɓawa. Amma tafiyarka, kasuwarka, hanyar da garkenka ke bi zuwa mashaya, waɗannan suna cikin abin da aka yarda a taƙaita, bisa sharaɗin kada a wuce larura. To wa ke auna larurar? A 1962 Rotimi Williams ya samu alƙalin da ya auna masa, don shi babban lauya ne, ya san ƙofar kotu. Mai buhu goma na tattasai a gaɓar Komadugu fa? 'Yan majalisar da ake kawo wa takardar sabuntawa duk wata uku a wancan lokaci su ne ya kamata su tambayi gwamnati, mataki bayan mataki: hana babur ɗin nan ya rage hari nawa, ya kashe sana'a nawa, ba wata hanya mai sauƙi, kamar rajistar babura ko hana hawa da dare kawai? Idan sabuntawa ta zama ɗaga hannu kawai, agogo na nan a bango amma ba ya tafiya.

Jerin da ba a taɓawa ɗin ma ba kullum yake tsira ba. An kafa dokar a sassan Tillaberi da Tawa a Maris 2017. A Satumban 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, wadda hukuma ce ta ƙasa, ta ce ta gano gawa 71 a ramuka shida a yankin Inates, na mutanen da suka ɓace a farkon shekarar, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu daga cikin jami'an tsaro. Ma'aikatar tsaro ta musa. A Cadi, a Agustan 2019, bayan faɗan makiyaya da manoma, Shugaba Idris Deby ya kafa dokar a Wadai da Sila da Tibesti, da hana hawa babur da bincike gida-gida don karɓe makamai, har zuwa farkon 2020.

Akwai kuma sabon salo da ya fi ba ni tsoro, wanda 'yan kasuwar Jibiya da Ɗan Isa da Illela da Ƙonni suka ɗanɗana. A Satumban 2021 aka yanke layukan waya a Zamfara, sannan a sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Gwamnoni suka rufe kasuwannin mako, suka hana safarar dabbobi a mota, suka hana sayar da fetur a jarka, suka taƙaita babura. Duk alamomin dokar ta-ɓaci sun cika, amma ba a yi shelarta ƙarƙashin sashe na 305 ba. Haka aka yi a Borno a 2016, da aka dakatar da wasu kasuwannin shanu bayan dokar ta riga ta mutu. Idan ba shela, ba ƙuri'ar kashi biyu cikin uku, ba wa'adin wata shida. Wanda ya ba da umarnin shi ne zai ga dama ya janye. Makiyayin da ke son sayar da bijimi ɗaya ya sayi gero bai samu kasuwa ba, ɓarawon shanu kuwa da ma ba ta kasuwar mako yake fitar da nasa ba.

Wasunku za su ce, yanzu da aka jingine kundin 2010 a Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙasar kuma ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, me ya rage? Yarjejeniyar 1966 da ta Afirka ta 1981 da na Geneva ƙasa ce ta shiga, ba gwamnati ba, suna nan a wuyan duk wanda ke mulki, a Yamai ko Abuja ko Njamena ko Yawunde.

Ga waɗanda suka turo tambaya, abin da lauyoyi ke nanatawa shi ne shaida. Idan aka karɓe maka babur ko kaya ko dabba, nemi takardar da ta nuna abin da aka karɓa da wanda ya karɓa. Idan ba a ba ka ba, sa yaro mai karatu ya rubuta ranar, da wurin, da adadin, da irin kakin da suka sa, da sunayen mutum biyu da suka gani. Idan mutum aka ɗauka, kada a zauna jiran ya dawo da kansa, don kwanakin farko su ne masu haɗari. A je wurin arɗo ko mai gari a tafi tare, a tambayi inda yake da laifin da ake tuhumarsa, a sanar da ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam mafi kusa, a kuma kai sunansa ga ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda ke ziyartar wuraren tsarewa tana neman waɗanda suka ɓace. Tsofaffin Kenya da muka ambata, takardun da Turawa suka ɓoye shekara hamsin, da aka tilasta fito da su a kotun Landan, suna cikin abin da ya ƙarfafa ƙararsu.

A shiri mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi da CEDEAO ta tsara a 1998, mu ga matsayinta yanzu ga mai garken da ke rani a wani ɓangaren iyaka, damina a wani. Wanda jami'i ya taɓa ƙin karɓar tasa, ya turo mana saƙo ya faɗi a wace mashiga ce, kuma a wane wata.